Huji Uku da Gayyar Doya

Ƙabar Neindo ta daɗe tare da shi. Ta fara ne kamar ƙwan zabo a matsematsinsa na dama, in ya kwanta ta koma ciki, in ya ɗaga garma ta leƙo. A ƙauyensu da ke gabas da Yendi, a arewacin Gana, wannan ba abin magana ba ne, kusan duk manomin doyar da ya manyanta ya san ciwon. Taubashinsa Wumbei ma yana da irinta ta hagu, har mutane kan ce in an haɗa su biyun za a sami lafiyayyen mutum guda.

Da ruwan sama ya fara ja da baya, sai aka ji ana aikin ƙaba a wani asibiti a Tamale. Mota ɗaya suka hau.

Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce hanya biyu ce. Ko dai a yi wa mutum allurar baya, idonsa biyu, a tsaga wurin kamar tsawon yatsa, a mayar da hanji, a shimfiɗa raga a ɗinke. Ko kuma a sa shi barci gaba ɗaya, a huda cikinsa wuri uku, a zura 'yar kamara, a sa ragar ta ciki.

"Duka biyun suna riƙewa," in ji ta. "Mai huji ya fi saurin tashi, zafinsa kuma bai kai na yanka ba. Amma kowanne aka yi muku, ba ku ba garma sai na ce."

Neindo bai ji komai ba bayan saurin tashi. Tulin ƙasar da ake shuka doya a ciki a ƙarshen damina ake tara shi, ƙasa tana da laima. In ta bushe, garma tsalle take yi a kanta, wanda bai tara ba kuwa shekarar ta wuce shi. 'Ya'yansa maza duk suna kudu. Ya ce a yi masa huji.

"Ni a yanka ni ina gani," in ji Wumbei. "Ban yarda a kashe ni a tashe ni ba, alhali wannan ɓarawon yana kusa da takalmana."

"Waɗannan na tayar motar? Ko kare ba zai ɗauka ba."

Aka yi musu, aka sallame su, suka koma gida.

A garinsu, in magidanci ya kwanta ciwo a lokacin tara tulin doya, gayya ake yi masa. Mba Ziblim, dattijon da ke raba ranakun gayya, shi yake zuwa dubiya ya ga ciwon da idonsa kafin ya ba mutum rana. Karaya ya sani, saran maciji ya sani, ɗinkin asibiti ma ya gani ba adadi.

Gidan Wumbei dattijon ya fara shiga. Labari ya riga shi isowa wajen Neindo: Wumbei yana miƙe a tabarma, ko juyawa ba ya yi sai da nishi, ɗinkinsa kamar bakin buhu. Sanatu, matar Neindo, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki.

"Ka shiga ka kwanta kafin ya iso."

Neindo yana kan benci yana shan koko, yana shirin tashi, sai ga sallama a ƙofa. Jikinsa ya riga tunaninsa. Ya ajiye ƙwarya, ya tari dattijon, ya tsuguna har ƙasa kamar yadda yake gaida manya tun yana yaro. Wani abu ya ɗan ja shi a ciki, amma bai nuna ba.

Mba Ziblim ya dube shi a tsugune, ya daɗe yana dubansa. Bayan gaisuwa ya ce a nuna masa wurin. Neindo ya ɗaga riga. Filasta uku, kowace ba ta fi ɓarin goro ba, ɗaya a gindin cibiya.

"Ina aikin?"

"Yana ciki, Mba."

"Ƙaba tana ƙasa, su kuma suka huda cibiya."

"Ta nan suka bi. Likita ta ce kada in ɗaga garma tukuna."

"To," in ji dattijon. "Allah Ya ƙara sauƙi. Ɗan'uwanka dai yana jin jiki."

Da aka raba ranaku, akwai ta Wumbei, akwai ta wani mai karaya, akwai ta wata da mijinta ya rasu. Babu ta Neindo.

"Na ce ka kwanta," in ji Sanatu.

"Dattijo ya shigo gidana in gaishe shi a kwance?"

"Wumbei ya gaishe shi a kwance, ban ji an ce ya mutu ba."

Neindo ya yi biyayya ga likita. Kullum da safe yakan taka zuwa gonarsa, ya ɗebi ƙasa ya matse a tafinsa ya ga ko har yanzu tana haɗuwa. Masu wucewa suna ganinsa, suna cewa ai Neindo ya warke sumul.

Ranar da ya koma Tamale likitar ta ce ya fara aiki a hankali, ranar ce ya tarar da saƙo a gida: gobe gayyar Wumbei, duk mai lafiya ya fito. Wanda ya ƙi fita gayya yana kan ƙafarsa, ranar da ya kwanta ba mai zuwa gonarsa. Neindo ya wasa garmarsa.

Wumbei yana gindin kaɗanya a kan tabarma, an kawo shi a bayan babur.

"Taubashi, wannan tulin naka ai ɗan ƙarami ne, kamar hujin cikinka."

"Yi shiru, ragon banza, kada ɗinkin ya ɓalle mu sake wata gayyar."

Aka yi dariya. Wumbei ma ya fara, sai ya dafe matsematsinsa, fuskarsa ta canza, ya bari. Neindo ya gani, ya ci gaba da layinsa. Jikinsa bai ba shi matsala ba ko kaɗan.

Daga nan aka tafi ta mai karaya, sannan ta matar nan. Ruwa bai sake sauka ba.

Da Neindo ya sami kansa, ƙasar gonarsa ta ƙi haɗuwa a tafinsa. Ya sara daga sama, garma ta dawo masa. Ya gangara ɓangaren rafi inda sauran laima take, ya tara abin da ya samu. Bai kai rabin na bara ba.

Yana cikin haka sai ga Wumbei, yana dogara sanda, yana ɗaga ƙafar hagu a hankali. Ya tsaya ya ƙare wa busasshen ɓangaren kallo.

"Layukan nan da ka tara min ta bakin hanya," ya ce, "kunya suke ba ni. Kowa ya wuce sai ya tambaya wa ya yi wannan aikin yara. Ka kawo irinka ka shuka a ciki, ni ba na so."

Neindo bai ɗago ba. "Yaya ɗinkin?"

"Ya haɗe. Amma in na tashi da safe sai in ji kamar an ɗaure ni da igiya ana ja. Naka fa?"

Neindo ya jingine garma, ya ɗaga riga. Sai da suka ɗan nema kafin su ga tabon huji na ukun.

"Ni har yanzu ban yarda an yi maka komai ba," in ji Wumbei.

Ya nemi inuwa ya zauna da ƙyar, Neindo kuma ya koma kan layinsa.