Garin Fure a Cikin Firij

Shekara bakwai Mai Agogo ya yi yana rainon tsiron nan a barandar bayan shagonsa kafin ya ga furensa. Tsiro ne na dazuzzuka masu yawan ruwa, can nesa. A bakin kowane ganye akwai ɗan tulu ja mai murfi. Ƙuda ya leƙa, ya zame ciki, shi ke nan ya zama abinci. Ba a samunsa wurin masu sayar da furanni, ko da kuɗinka. Wannan ma wani matuƙin jirgin ruwa ne ya bar masa, yana ɗan tsito bai fi yatsa ba.

Da furen ya buɗe, ya maƙala gilashin aikinsa a ido ya duba da kyau. Mace ce. Irin tsiron nan namiji daban, mace daban, kuma in ba a shafa mata garin furen namiji cikin mako biyu ba, furen zai bushe a banza, babu iri.

Duk garin mutum ɗaya ke da namijin, wata likitar haƙori da ta yi ritaya. Shekara biyu baya ta zo har shago ta roƙi reshe guda, ya hana ta, wai tsiron bai yi ƙwari ba.

“Ka je mana,” in ji matarsa. “Haƙori za ta cire maka?”

“Da wane ido zan dube ta?”

“Da wanda kake sa wa gilashi. Maigida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Kwana huɗu yana jan ƙafa. Ran na biyar da hantsi ya rufe shago.

Ya tarar da Likita a ɗakin tsirranta, tana fesa musu ruwa. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, ya koma kan gida.

“Malam,” ta ce, “sau biyu ke nan ka gaida gidan nan. Ta yi fure ko?”

Ya gyaɗa kai. Sai idonsa ya kai kan namijin da ke rataye a kusurwa. Sandar furensa ta bushe ƙayau, ta yi baƙi.

“Wata uku ke nan da ya gama,” in ji ta.

Ya yi godiya ya juya zai fita.

“Ku masu agogo kullum sauri. Zauna.”

Ta shiga kicin ta buɗe firij, ta ture ƙanƙara gefe, ta ciro wata 'yar kwalba. A ciki akwai takarda a naɗe, cikin takardar kuma gari rawaya, bai kai cikin farce ba.

“Sanyi yana tsare shi. Na ajiye, ban ma san wa nake ajiye wa ba. Amma rabin irin nawa ne, suruki.”

“Na yarda.”

“Da wuri haka? Da na sani da na ce duka.”

Tare suka koma shago. Ita ta riƙe fitila, shi ya ɗauki siririn burushin da yake share cikin agogo, yana dangwala garin a kan furanni ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe numfashi. Matarsa ta kawo shayi ta ajiye, har ya huce babu wanda ya waiwaya.

Bayan wata guda yawancin furannin sun kakkaɓe. Amma waɗansu sun kumbura, kore shar, kamar ƙananan yatsu. Ya ƙirga sau biyu kafin ya buga mata waya.

“Nawa suka kama?” ta tambaya.

“Goma sha ɗaya.”

“To fa. Ba ya rabuwa biyu.”

Ya dubi tsiron.

“Ki ɗauki shida,” ya ce.