Rigar da Tela Ya Yanka

Akwatin ya kwana biyu a buɗe a tsakiyar falo, Mama tana kewaye shi kamar rami. Auta ce kaɗai ke zuba kaya a ciki. Ita ce ta shirya wa iyayenta tafiyar tun bara, hutu a wata ƙasar tsibiri, don mahaifinta tela ne da ya tsufa a kan keken ɗinki bai taɓa ganin teku ba. Sai ajali ya riga tafiyar. Auta ta ɗaga ranar, ta ce ita za ta raka Mama a madadinsa. Ga shi jibi jirgi zai tashi, Mama kuwa ba ta ce za ta ba, ba ta ce ta fasa ba.

"Wannan man shafawa ne, yana kare fata daga rana," in ji Auta.

"Rana ta gama da ni tun kafin a haife ki."

"Tasu daban ce, Mama. Ga kuma maganin sauro."

"Har da sauro? Mu bar namu mu kai wa na wasu jini?"

Auta ta yi dariya, ta cusa takalman roba da 'yar laima a gefe, don an ce ruwan can ba ya sallama kafin ya sauko. Da ta buɗe durowar Mama sai ta tsaya. Duk kayan masu kauri ne.

"Waɗannan za su dafa ki. Can sai yadin auduga marar nauyi."

Mama ta san inda irin wannan yadin yake, a ɗakin ɗinki, ɗakin da ta daina shiga.

Da la'asar sai ga ƙanin marigayin, shi ma tela ne, yakan zo ya ɗiga wa keken mai don kada ya yi tsatsa. Bai daɗe a ciki ba ya leƙo.

"Matar Yaya, zo ki ga abin da mijinki ya ɓoye."

Mama ta tashi ta je. Ɗakin yana nan da warin man keke da sabon yadi, ga kujerar da ta lotsa daidai zaman mijinta. A kan tebur ƙanin ya baje riga ruwan bula, yankakkiya, ba a haɗa ta ba. Gaba daban, baya daban, hannuwan an soke su da fil, layin alli bai ko goge ba.

"Baffa, za ka iya haɗa ta kafin jibi?" Auta ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Kafin ki dafa min shayi ma. Matar Yaya, ɗaga hannu."

Ya zaro tef daga wuyansa. Mama ta ɗan ja baya. Tun aurensu mijinta bai taɓa sa mata tef ba. Kallonta kawai yakan yi tana shara ko tana shanya, ya shiga ya yanka, riga ta zauna cif. In ta yi ƙiba ya riga ta sani, in ciki ne ma shi ke fara gaya mata. Duk da haka ta ɗaga hannun.

Ƙanin ya auna kafaɗa, ya auna ƙugu, ya ɗora tef a kan yadin. Ya sake aunawa. Sai ya yi murmushi.

"Yau dai na kama Yaya. Kullum sai ya ce tef na makafi ne. To ga shi, mutum biyu za su shiga rigar nan."

"Bai yi kuskure ba," in ji Mama. "Ni ce na ragu."

Auta ta sunkuyar da kai. Mama ta dubi wuyan hannunta, inda awarwaro ke zamewa har ya kusa fita. Sai yanzu ta ga abin da 'ya'yanta suka daɗe suna gani, suna tura mata kwano tana turo musu.

Ƙanin ya yi gyaran murya, ya ɗauki almakashi. "Abu mai sauƙi ne. In rage nan, in rage nan, shi ke nan."

Mama ta ɗora tafinta a kan layin allin.

"Ajiye almakashin. Haɗa ta yadda ya yanka."

"Za ki yi iyo a ciki tun ba ki ga ruwan ba."

"Zan cika ta." Ta juya wajen Auta. "Kin ce can kifi ya fi mutane yawa ko?"

"Haka aka ce, Mama."

"To. Ki nemo min hula mai faɗi, ba irin ta 'yan mata ba. Kuma a jirgi ni ce a bakin taga."

Ƙanin ya zauna a kujerar yayansa, ya lashi bakin zare, ya shiga neman kafar allura.