Haƙorin Busar Kawu Fulgencio

Kawu Fulgencio, yayan mahaifiyata, ya shigo asibitina na haƙori a birnin Barranquilla rungume da ƙahonsa, bikin Carnaval ya kusa. Wani likita ya karya bakin siririyar allura a cikin saiwar haƙorinsa na gaba, wanda yake dafa ƙahon a kai. In haƙorin nan ya tafi, busa ta tafi, kuma Kawu ba shi da wata sana'a sai ita da surutu.

Na yi masa bayani: na'urar da ke girgiza guntun ƙarfen ya fito tana ɗaukar zafi. Ba na sa ruwa lokacin da nake aiki, don ina so in ga abin da nake yi, saboda haka dole in riƙa tsayawa ina sanyaya wurin. Ya ce ai shi wuta ma ya sha riƙewa da hannu.

Bakinsa a wangale ba halin magana, sai ƙafarsa ta kama buga kiɗan cumbia a kan kujera. Abin ya ba ni dabara. Na ce ya zama agogona: baiti ɗaya aiki, baiti ɗaya ruwa. Kowa a unguwarmu ya san ƙafar nan ba ta kuskure.

Ashe tsoho sauri yake, yana da gwajin kiɗa. Lokacin aiki sai ya ja baitin kamar na rakiyar gawa, lokacin ruwa ya zuba a guje. Na lura ne da na ga ni kaina ban gama numfasawa ba an koma aiki. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni.

"Kawu, ni za ka yi wa wayo?" Na ajiye na'urar. "Na kashe maka wurin da allura. Ƙashin da ke riƙe da haƙorin zai iya dahuwa ba ka ji komai ba. Bayan biki ya fara girgiɗi, in cire shi da hannuna."

Ƙafar ta tsaya cak. Da ta dawo, baitin ruwa ya yi tsawon da har na jiƙa masa riga. Daga baya guntun ya fito, ɗan mitsitsi kamar ƙayar kifi.

Ya tashi ya kafa ƙaho a leɓen da bai farfaɗo ba. Abin da ya fito kukan akuya ne sak. Na tuntsire da dariya, shi ma haka, amma idonsa ya cika da hawaye, yana ta taɓa haƙorin da yatsa.

"Nohemí, 'yar nan, yana nan ko?"

"Yana nan, Kawu."