Ranar da Aka Yanke Dawar Musbahu

Tun ranar da masu bindiga suka kwantar da Musbahu a bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyensu, suka harbe abokinsa a kan idonsa, bai sake taka gona ba. Yaƙi ya yi nisa da su, motocin birnin Madani sun dawo aiki, amma shi da ya kai zaure sai ƙirji ya hau bugu, gumi ya wanke shi, numfashi ya tsaya masa a maƙogwaro.

Mutane suka ce iska ce. Ƙanwarsa Raihana, wadda yaƙi ya koro daga jami'a, ta ce fargaba ce, kuma wanda ya kira yayanta mai taɓin hankali zai ji abin da bai taɓa ji ba. Ita ta shuka hawashar da suka gada, wato gonar rabonsu, ita ta buɗe mata ruwa, zani a tattare, maza suna kallo.

Akwai wata tsohuwa, Inna Yalwa, da ke dafa gahawa a 'yar tukunyarta, jabana, duk la'asar, masu irin wannan ciwo suna taruwa wurinta, maza gefe, mata gefe. Ba magani take bayarwa ba. Ana shan gahawa, mai magana ya yi, mai shiru a ƙyale shi. Raihana ta roƙe ta, aka kawo tabarmar shan gahawar, aka shimfiɗa ta a ƙofar ɗakin Musbahu.

"Ba mu jan ka, ɗan nan," in ji Inna. "Tabarma ce ke tafiya. In ka so, ka bi ta."

Ya bi ta zuwa tsakar gida. Ya bi ta zaure, gahawa tana zuba masa a jallabiya. Wani lokaci sai a koma baya.

"Kai dai sukari ka biyo, ya zol, bawan Allah," Inna ta tsokane shi ranar da suka kai bayan masallaci. Ya yi dariya. Raihana ta kau da kai don kada ya ga idonta.

Da suka isa gindin dogonyaro, inda ake hango kan dawa ya yi jajur, sai ya ce a hankali, "Raihana, da hannuna zan yanke ta bana." Ya ciro laujensa daga ƙarƙashin gado, kullum yana wasawa. Saboda dawar nan yake fitowa, ta sani.

Ranar da tabarma za ta kai bakin gona, ya riga kowa shiri. Suka tsallake tur'a, daidai wurin da aka harbe abokinsa, yana riƙe da gefen mayafinta, yana jan numfashi yadda Inna ta koya masa.

Gona ta zama kututturen kara. Ga zangarniya an tsibe, ga maza zaune suna cin asida, tuwon dawa, suna raha. Kawunsu Maliki ya taso da fara'a.

"Kalas, an gama! Nafir, aikin gayya, munka yi maka tun safe. Ko kara guda ba mu bari ba."

"Kawu, wa ya roƙe ku?" in ji Raihana.

"Ke ɗiyar jami'a, gayya ma sai an nemi izini? Tsuntsaye na cin hatsi, yaro ba shi da lafiya, mu zuba ido?"

Ba za ta iya cewa mugunta ce ba. Hannayensu duk tsagar kara, wasunsu nasu hatsin na nan a tsaye.

Musbahu ya ɓoye laujen a bayansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Allah shi saka da alheri." Sannan ya ajiye laujen a kan kunya, ya juya gida, ya shige ɗaki ya tura ƙofa.

Washegari da la'asar Inna Yalwa ta zo da tabarma a kafaɗa. "Ina za mu shimfiɗa?"

"Inda muka fara," in ji Raihana.

Raihana ta daka gahawa, ta zuba, ta ajiye finjali a bakin ƙofar. "Yaya, an kusa shukar alkama," ta ce.

Finjalin ya huce. Ta ɗauke, ta juye a tukunya, ta hura gawayi.