Wa Zai Buga Tagullar Shayi

Tun da Goggo ta sa ƙafa a tsohon otal ɗin nan bakinta bai rufu ba. Ɗanta ne ya sauke su, ita da aminiyarta Mai Kwalli, ya wuce taronsa. Kafet ɗin matakala, kana takawa ƙafarka na nutsewa. Fitilu na reto daga rufi kamar 'yan kunne. Lif ɗin ma keji ne na ƙarfe mai ƙugi, Goggo ta yi ta hawa tana sauka, ba kuwa inda za ta.

Amma abin da ya tafi da hankalinta yana bakin zauren cin abinci: wani ƙaton faranti na tagulla a rataye, ga sandarsa mai dunƙulen fata a kai. Wani dattijon ma'aikaci mai farar safar hannu ya ce musu tun kafuwar gidan ba a zuba shayin la'asar sai an buga shi, kuma wanda ya fi kowa shekaru cikin baƙi ne ke bugawa.

Hannun Goggo ya fara ƙaiƙayi. To, ga inda matsalar take. Shekara da shekaru tana kiran Mai Kwalli "Yaya", musamman gaban mutane, alhali kowa a dangi ya san wa ya riga wa fitar da haƙori.

"Cikinku wace ce babba?" in ji dattijon.

Mai Kwalli ta gyara mayafi. "Ai ka ji da kunnenka, Yaya take ce mini. Miƙo sandar."

"Ke, dakata!" Goggo ta riƙe mata hannu. "Yayar ta girmamawa ce."

"A'a, ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Ke da kika ce jiya-jiya aka yaye ki?"

Baƙi sun fara taruwa, masu ɗauke da butocin shayi sun tsaya cik. Goggo ta dubi jama'a, ta dubi tagullar tana ƙyalli. Ta rufe ido.

"Ni na goya ta!" ta faɗa da ƙarfi. "Har fitsari ta yi mini a baya!"

Zauren ya fashe da dariya. Mai Kwalli ta zame kan kujera tana share hawaye, kwallin duk ya dame mata fuska. Dattijon ya rusuna, ya miƙo sandar da hannu bibbiyu.

"A hankali ake yi, Baaba."

Ina! Goggo ta ja da baya, ta ɗaga ta maka. Ƙarar ta bi matakala har sama, cokula suka yi rawa cikin kofuna, mai dafa abinci ya leƙo da ludayi a hannu. Ita kuwa ta tsaya ɗankwali a karkace, tana haki, tana washe baki.

"Yaro," ta ce wa dattijon, "gobe ƙarfe nawa? Kuma in wata tsohuwa ta sauka, ka ce mata ɗakuna sun cika."