Ɗakin Inna a Bayan Gari

Tun ranar da aka haƙa harsashin gidan, Injiniya ya ware ɗakin Inna. Shi ne na farko a hannun dama in ka shiga falo, don kada ta sha wahalar hawa bene. Ya sa masa manyan tagogi, da banɗaki a ciki mai ƙarfen dafawa a jikin bango, da katifa mai laushi, har da ɗan ƙaramin firji. Duk wanda ya zo yi masa murnar tarewa sai an kai shi ya ga ɗakin nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

A faɗi gaskiya, ba don Inna kaɗai aka ƙawata ɗakin ba. An yi shi har da don Tela ya gani.

Tela ƙaninsa ne, autan Inna. Tun rasuwar mahaifinsu take zaune a wurinsa, a tsohuwar unguwa cikin gari, a wasu 'yan ɗakuna da ke saman shagon ɗinkinsa. Tashar bas na ƙarƙashin tagarta, ƙarar birki da ta keken ɗinki ba sa barin kowa ya yi barcin rana. Injiniya ne mai sayen magani, shi ne mai kai ta asibiti, shi ne mai gyara duk abin da ya lalace. Amma in dangi za su gaishe da Inna, wayar Tela suke kira. In ta tashi ba da labari, Auta ya ce kaza, Auta ya yi kaza. Abin ya daɗe yana cin Injiniya a rai, kuma ba shi da wani suna sai kishi. Mutum da furfura a gemu, yana kishin ƙaninsa a kan uwa.

Don haka ranar da ya ɗauko ta, da kansa ya sa jakarta a bayan mota, ya dubi Tela ya ce, "To, ka huta. Yanzu kuma Inna za ta san ta haifi ɗa."

Tela ya yi dariya kawai, da tef ɗin awo a wuyansa. Wannan dariyar tasa ma haushi take ba Injiniya.

Sabuwar unguwar tana can bayan gari, inda fili ke da yalwa. Katangu dogaye, tituna masu faɗi, shiru kamar an yi shara. Babu shago, babu mai shayi, babu ko bencin da mutum zai zauna. Kowa a mota yake fita, a mota yake dawowa, ƙofa ta buɗe ta haɗiye shi ta rufe. Injiniya bai san sunan maƙwabcinsa ba, ya dai san shi da mai farar mota. Da safe shi da matarsa su kwashi yara su fice, kowa da hanyarsa, sai yamma lis cunkoso ya sako su. Inna ta yini ita da talabijin.

Makon farko ta yi ta sa albarka. A na biyu ta ce, "Babana, sabuluna ya kusa ƙarewa. Ko akwai ɗan shago nan kusa in taka?"

"Shago kuma, Inna? Ai kin gama wannan wahalar."

Da yamma sai ga shi da katan guda na sabulu. Ya ɗora a kan durowarta, ya ɗauki hoto, ya tura wa Tela ba tare da ya rubuta komai ba.

Bayan 'yan kwanaki ta ce allurarta ta ɓata. Ya kawo mata akwatin ɗinki mai zare kala-kala. Ta ce man zafi, ya kawo kwali. Ta ce tana marmarin lemo, ya cika firji har ƙofar ba ta rufuwa. Duk abin da ta ambata, kafin ta rufe baki ya kawo wanda zai kai ta baɗi. Kuma kowane kwali ya shigo da shi, ji yake ya ƙara yi wa Tela nisa.

Abin da bawan Allahn nan bai sani ba, duk da a hannunta ya girma, shi ne Inna ba ta taɓa sayen sabulu biyu lokaci guda ba. Ba rashi ne ya sa ba. Ƙarewar sabulun ita ce hujjar fita. A tsohuwar unguwa takan sauko da niyyar sabulu guda, ta tsaya wurin mai kemis ta yi masa faɗan rashin aure, ta zauna a bencin mai gyaran takalmi ta ji wanda ya kwanta asibiti, ta leƙa mai kayan miya ta kushe tumatirinta, wani lokacin ta hau bas ta je gaishe da wata ƙawarta ta dawo. Sau da yawa ma sai ta hau bene take tuna ba ta sayi sabulun ba, gobe kuma ta sake saukowa. Injiniya ya bi hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya ya toshe su da kwali.

Da hujja ta ƙare, sai ta fito fili ta ce, "Ina son in ɗan fita."

Ya zaro makullin mota nan take. "Ina za ki, Inna?"

Ita ba ta taɓa fita don zuwa wani wuri takamaimai ba, mota kuwa dole sai an gaya mata inda za ta. Ya kai ta wani katafaren kanti, suka daɗe a cunkoso gilashi a rufe, ta bi shi a baya yana tura keken kaya, babu wanda ya ce mata sannu. Ta dawo ƙafafu a kumbure.

Wata rana ta buɗe ƙofa ta fita ita kaɗai. Ta bi gindin katanga har bakin babban titi, ta tarar babu inda ɗan Adam zai sa ƙafa: daga kwalta sai kwalbati, motoci na wucewa kamar an koro su. Ta tsaya ta tsaya, ta juyo. Mai farar mota ne ya gan ta, kuma wannan ne karo na farko da ya sauke gilashi ya yi wa Injiniya magana. Injiniya ya roƙe ta don Allah kada ta ƙara. Ba ta ƙara ba. Gwiwoyinta suka fara riƙewa, ya sayo mata sanda mai kyau. Ta koma yawan barcin rana, magana ma sai an ja ta.

Sai in Tela ya kira. Nan Injiniya zai jiyo muryarta daga falo, tana tambayar mutane ɗaya-ɗaya, tana ƙyalƙyala dariyar da rabonsa da jin ta tun kafin ta tare. Ya ƙara ƙarar talabijin, ya sha mur. Matarsa ta ce, "Baban yara, lafiya?" Ya ce kansa ke ciwo.

Ranar da ya kai ta ganin likita a cikin gari, a hanyar dawowa motar ta ɗau zafi a tsakiyar cunkoso, ta yi tari ta mutu. Bakanike ya duba ya ce sai an nemo wani ƙarfe, ba yau ba, ba gobe ba. Bas ba ta zuwa sabuwar unguwa, kuma ba zai bar tsohuwa a bakin titi cikin rana yana farautar tasi ba. Shagon Tela na nan kusa. Ba don ransa ya so ba ya kai ta can, ya ce kwana biyu kawai, kafin mota ta fito.

Motar ta fi mako a gareji. Injiniya ya ɗanɗani unguwarsa ba mota, ya ji babu daɗi, amma bai gaya wa kowa ba. Ranar da ta fito, ko gida bai je ba ya nufi tsohuwar unguwa. Ya zaga ya zaga bai samu wurin ajiye ta ba sai can nesa, ya tako da ƙafa yana tsaki, yana kauce wa 'yan makaranta da masu jiran bas.

Daga nesa ya hango ta. Tana tafe a gefen titi da 'yar leda a hannu, babu sanda. Ba sauri take ba, tana ɗan ɗingishi, amma kanta a sama yake, kuma bakinta bai huta ba: ta amsa wannan, ta tsokani wancan. Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Inna, yau ba za ki ba?" Ta ɗaga masa hannu ta ce sai gobe. Injiniya ya tsaya cak. Ya kamata ya yi murna, ya san ya kamata. Abin da ya ji kuwa wani ɗaci ne. Duk abin da ya tara mata bai tayar da ita ba, sai wannan titin mai hayaniya da ƙaninsa bai kashe ko sisi ya gina ba.

Ya shiga shagon. Tela ya ɗago daga kan keke ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Mota ta samu?"

"Ina sandarta? Haka ka sake ta a titi, in ta faɗi fa?"

"Tana sama, Yaya. Ita ta ce nauyi take yi mata."

"Hau ka ɗauko, da jakarta."

Inna ta shigo ana haka. Ta dube shi, ta dubi Tela da ke hawa bene, ta gane. Ta ce, "Babana, ka zo."

"Na zo, Inna. Ɗakinki na can yana jiranki. Yara sai tambaya suke."

Ya shirya jin gardama, har ya tanadi amsoshi. Ba ta yi ba. Ta ajiye ledar a kan teburin yanka, ta gyara mayafi ta ce, "To. Bari in sallami mutane."

Ya bi ta a baya da jaka a hannu, yana jin ya yi nasara. Ta tsaya wurin mai kemis. Injiniya ya zaci za ta ce sai an kwana biyu. Sai ya ji ta ce, "Ɗana, duk faɗan da na yi maka, ka yafe mini."

Mai kemis ya ce, "Haba Inna, sai ka ce wadda za ta bar duniya?"

Ta yi murmushi. Ta wuce wurin mai gyaran takalmi ta ce ya yafe mata zaman benci. Ta riƙe hannun mai kayan miya ta daɗe, ta ce tumatirinta ba shi da laifi, tsokana ce kawai, a yafi juna. Matar ta sa gefen zane tana share ido. Haka Inna ta bi layin nan shago-shago, a natse, ba kuka ba ƙorafi, tana neman gafara irin ta wanda ya san ba zai dawo ba.

Jakar ta yi wa Injiniya nauyi. Kafin su kai ƙarshen layin ya ce, "Inna."

Ta juyo.

"Ki zauna." Ya gyara riƙon jakar. "Ki zauna a nan wurin Auta. Na riƙa zuwa."

Ya tsaya yana jira. Yana jira ta ce a'a, Babana, ai ka yi wahala, ai ka gina ɗaki, mu je ko na wata guda ne. Ko sau ɗaya ta faɗa, don kara kawai, da ya ishe shi ya riƙe har ƙarshen ransa.

Fuskarta ta washe nan take. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta karɓe jakar daga hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ta juya tana ƙwala wa mai kayan miya kira, wai ta share hawayenta, tafiyar ta fasu.