Kuɗin Rufin da ke Osaka

Rufinmu ya fara yoyo tun farkon damina, daidai saitin inda nake ajiye kaina. Hosokawa mai gyaran rufi ya hau ya sauko, ya ce yen miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, kuɗinmu na Japan. Ko gezau ban yi ba, na ce ya zo ran Litinin da ma'aikatansa.

Wayar matata ce ta ba ni wannan ƙarfin hali. Shekara talatin da huɗu Sachie ke riƙe da kuɗin gidan nan, ni dai a miƙo mini na shayi. Da a littafi take rubutawa, yanzu a manhaja. Duk ƙarshen wata takan nuna mini jimilla, in gyaɗa kai kamar na gane. Jimillar ta ce muna da miliyan biyu da ɗoriya.

Na same ta a kicin na ce, "Maman Naoyuki, gobe ki ciro na Hosokawa."

Ta ci gaba da yanka kabeji. "Babu su."

"Kamar yaya babu? Ga su a waya!"

"A waya akwai. A banki ne babu."

Na karɓi wayar, na maƙala tabarau. Asusun banki, dubu ɗari uku. Na gidan waya, dubu casa'in. Katin jirgin ƙasa, canji. Sai na huɗu, mai suna Naoyuki, miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Tabɗi!

Naoyuki ɗanmu ne, shi kaɗai. Ni na ce masa in ya ajiye aikin kamfani don ya buɗe shagon taliya a Osaka, kada ya sake taka mini ƙofa. Taurin kai kuwa nawa ya gado, bai sake takowa ba. Na buɗe asusun nasa, sai ga jerin kuɗin da ake turawa.

"Dubu hamsin kike tura masa duk wata?"

"Wata talatin da shida."

"To ai an kashe su ke nan! Me ya hana ki rubuta an kashe?"

Ta ajiye wuƙa, ta yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Wai manhajar abu ɗaya take tambaya. In kuɗi sun bar gida, kashewa ne. In kuwa daga wannan aljihu suka koma wancan a cikin gida ɗaya, sauyin wuri ne, jimilla ba ta raguwa, kamar in ta zuba wa katin jirgi kuɗi.

"Katin jirgi yana jakarki, baiwar Allah! Wannan yana Osaka!"

"Kai ka ce ya bar gida. Ni ban ce ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce yau zan gyara lissafin nan da hannuna. Na danna asusun, na lalubo wurin gogewa. Sai manhajar ta jefo mini tambaya: "A cire Naoyuki daga asusun gidan nan? In an cire, ba a iya dawo da shi."

Na tsaya da yatsa a sama. Daga ɗaki ina jin ruwa yana ɗiga a kan matashin kaina. Shekara uku ina cika baki, ashe kewar yaron nan ta cinye ni. Na miƙa mata wayarta, ta goge hannu ta karɓa, ta koma kan kabejinta.

Na ɗauki roba na kai ɗaki, sannan na kira Hosokawa na ce a ɗaga aikin sai baɗi.

Ya ce, "Matsalar kuɗi ce, maigida?"

Na ce, "A'a, kuɗi suna nan. Suna wajen ɗana."